Butar kofi mai matsi

Butar kofi mai matsi, wadda ake kira French press da Turanci, wata doguwar buta ce mai murfi da ake haɗa kofi a cikinta ta hanyar jiƙa ɓarzajjen kofi a ruwan zafi na 'yan mintuna, sannan a danna wata rariya ta ƙarfe daga sama zuwa ƙasa don ta raba ruwan da guggubin. Ba ta buƙatar wutar lantarki ko takardar tacewa, kuma ba a ɗora ta a kan wuta. Akan ƙera jikinta da gilashi mai jure zafi, ko roba, ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Akwai nau'in da ake yi wa jiki ruɓi biyu domin ya riƙe zafi kamar filas ɗin shayi, kuma wannan nau'i yana da nasa ƙa'idoji wajen haɗawa, domin zafin da yake riƙewa yana gyara kofi a mintunan farko, yana kuma ɓata shi idan aka bar shi ya daɗe a ciki.

Suna

Sunan butar ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka da Kanada ana cewa French press, a Birtaniya da Ayalan ana cewa cafetière, kalmar da aka aro daga Faransanci. Su Faransawa kuwa cafetière à piston suke cewa, domin a wurinsu cafetière kaɗai na nufin kowace irin tukunyar kofi. A Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu ana kiranta coffee plunger, a Italiya kuma caffettiera a stantuffo. Yawancin sunayen nan suna nuni ne ga sandar da ake dannawa.

Abin shan kansa yana da suna biyu a Hausa, kuma duka biyun daga tushe ɗaya suka fito. Kalmar gahawa ta shigo ne kai tsaye daga Larabci, inda ake cewa ƙahwa. Galibin kalmomin Larabci da suka shigo Hausa ta hanyar karatu suna riƙe wannan harafi a matsayin ƙ, kamar a alƙali da alƙalami, amma a gahawa ya zama g, kamar yadda ake furta shi a Larabcin baka na Sudan da Chadi da sassa da yawa na yankin Larabawa. Wannan alama ce cewa kalmar ta biyo bakin fatake da mahajjata. Ita kuwa kalmar kofi ta yi doguwar tafiya: daga Larabci ta shiga Turkanci a matsayin kahve, daga nan ta shiga harsunan Turai, har ta zama coffee a Turanci a ƙarshen ƙarni na 16, sannan ta iso Hausa a zamanin Turawa. A Hausa ta tarar da wata kalmar aro mai kama da ita, wato kofi na shan ruwa, mai jam'in kofuna, wadda ta fito daga kalmar cup. Shi ya sa ake iya cewa kofin kofi ba tare da an yi kuskure ba. A Jamhuriyar Nijar an fi jin kafe, daga Faransanci.

Tarihi

Asalin itacen kofi na arabika shi ne tsaunukan kudu maso yammacin Habasha, kuma shansa ya fara yaɗuwa ne daga Yaman a ƙarni na 15, a tsakanin Sufaye masu raya dare da zikiri. Ɗaruruwan shekaru hanyar haɗa shi ita ce a tafasa garin a ruwa, a jira ya kwanta, a tsiyaye. Matsalar da masu ƙirƙira a Turai suka yi ta fama da ita a ƙarni na 19 ita ce yadda za a raba garin da ruwan ba tare da an jira ba.

A shekarar 1852 wasu Faransawa biyu, Mayer da Delforge, suka yi rajistar wata buta mai faifan ƙarfe mai huji-huji da ake turawa ƙasa da sanda. Aibinta shi ne gefen faifan bai kama jikin butar sosai ba, don haka gari yana bi ta gefe ya dawo sama. A shekarar 1929 ne 'yan Italiya Attilio Calimani da Giulio Moneta suka yi rajistar wadda ke da abin da ke toshe wannan gefe, kuma ita ce mafi kusa da wadda aka sani a yau. A 1958 Faliero Bondanini ya yi rajistar tasa, aka riƙa ƙera ta da sunan Melior a masana'antar Martin da ke Faransa, wadda a da kayan busa take ƙerawa. Daga nan butar ta yi farin jini a gidajen Faransa, kuma wannan ne ya liƙa mata sunan ƙasar, duk da cewa hannun 'yan Italiya ya fi yawa a siffarta. Ta fito a fim ɗin The Ipcress File na 1965, wanda Michael Caine ya ja. Kamfanin Bodum, wanda Peter Bodum ya kafa a Kofanhegan ta ƙasar Denmak a 1944, ya fitar da tasa mai suna Bistro a 1974, ya kuma sayi masana'antar Martin a 1991. Samfurin Chambord, mai jikin gilashi da ƙafafun ƙarfe, shi ne wanda aka fi kwaikwayo a duniya.

Dabarar riƙe zafi kuwa daga wani wuri daban ta fito. A shekarar 1892 masanin kimiyya ɗan Sikotilan James Dewar ya ƙera kwalba mai ruɓi biyu da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu, don ajiye iskar da aka daskarar ta koma ruwa. Bai yi rajistar ƙirarsa ba, sai Jamusawa suka mayar da ita kayan gida a 1904 da sunan Thermos. Filas ɗin da ke kowane gida a ƙasar Hausa jikan wannan kwalba ne, kuma buta mai riƙe zafi haɗi ce ta ƙirar Dewar da ta Calimani.

Yadda aka ƙera ta

Butar tana da sassa kaɗan. Akwai jiki mai siffar gwangwani, faɗinsa ɗaya daga sama har ƙasa, da mariƙi, da murfi mai huji a tsakiya wanda sanda ke ratsawa. A ƙarshen sandar akwai abubuwa uku da aka ɗaure tare: faifai mai huji wanda aka kewaye gefensa da naɗaɗɗiyar waya, da rariya mai laushi ta zaren ƙarfe, da wani faifan a ƙasa mai tallafe ta. Naɗaɗɗiyar wayar ce ke tura bakin rariyar ya manne da jikin butar. Wasu sababbin samfura suna amfani da zoben roba mai jure zafi a maimakon wayar, wasu kuma suna da rariya biyu, ɗaya cikin ɗaya.

Mai riƙe zafi yawanci da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin ta, irin wanda ake rubuta wa 18/8 ko 18/10 a gindi. Lambar farko tana nufin kashi 18 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam, ta biyu kuma kason nikel. Ba duk mai ruɓi biyu ce take riƙe zafi daidai ba. A wasu, iska ce kawai a tsakanin ruɓin biyu, a wasu kuma an zuƙe iskar kamar na filas. Ta biyun ta fi riƙe zafi nesa ba kusa ba, domin idan babu iska a tsakani, zafi ba ya samun abin da zai bi ya fita sai ta baki da murfi. Ko ita ma ba ta kai filas na gaske ba, saboda murfinta ba ya rufuwa ruf, kuma akwai hujin sanda da bakin tsiyaya.

Girmanta ya kama daga mililita 350 zuwa lita ɗaya da rabi. Mai saye ya kamata ya duba lita, ya bar adadin kofunan da aka rubuta a kwali: butar lita ɗaya akan rubuta mata kofi takwas, amma ƙananan kofunan Turai ake nufi, kusan mililita 125 kowanne. Da manyan kofunan da ake shan shayi da su a Najeriya, da ƙyar za ta cika uku.

Yadda ake haɗawa

Abu na farko shi ne niƙa. Kofin da ake sawa a wannan buta ɓarza shi ake yi, ya fito kamar tsaki, ba kamar garin tuwo ba. Idan ya yi laushi, zai bi ta hujin rariya ya sa ruwan ya yi kauri da laka, zai kuma toshe rariyar har sandar ta ƙi sauka. Wanda ya danna da ƙarfi a wannan hali yana iya sa ruwan zafi ya yi tsartuwa ta bakin butar ya ƙona shi. Injin niƙa na hannu mai haƙora ya fi dacewa. Ana iya daka soyayyen kofi a ƙaramin turmi, amma sai an tankaɗe an fitar da lallausan garin, kuma turmin da aka daka yaji ko daddawa a ciki zai ba kofin ƙamshinsa.

Ma'aunin da aka fi bi shi ne giram 60 zuwa 70 na kofi ga kowace lita ɗaya ta ruwa. Ga wanda ba shi da sikeli, babban cokali ɗaya yana ɗaukar kusan giram 5, don haka ruwan leda guda, wanda rabin lita ne, yana buƙatar kamar cokali shida. Zafin ruwan da ake so shi ne digiri 93 zuwa 96 a ma'aunin Salshiyas, wato ƙasa da tafasa kaɗan. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, amma yana raguwa idan ƙasa ta yi tudu. A Kano da kewayenta, inda tsayin ƙasa ya kai kusan mita 500, yana tafasa a kusan digiri 98, don haka sauke shi a bar shi rabin minti ya isa. A tsaunin Mambila, mai tsayin kusan mita 1,600, yana tafasa a kusan digiri 95, ana iya zuba shi nan take.

Kafin a zuba kofi ana ɗauraye butar da ruwan zafi. A butar ƙarfe wannan mataki ya fi muhimmanci, domin ƙarfe mai sanyi yana shanye zafin ruwan farko kafin ya fara riƙe shi. Daga nan sai a zuba kofin, a kwarara ruwan a kansa har ya jiƙe duka. Idan kofin sabon suya ne zai kumbura ya yi kumfa, saboda iskar kabon da ta taru a cikin ƙwayar lokacin suya tana fita. Sai a ɗora murfi, sandar tana sama, a jira minti huɗu. Bayan haka a danna a hankali da nauyin hannu kawai, a tsiyaye.

Akwai wata hanya da James Hoffmann, Baturen Ingila da ya lashe gasar duniya ta masu haɗa kofi a 2007, ya yaɗa. A cikinta, bayan minti huɗu ana motsa ɓawon da ya taru a sama da cokali, a kwashe kumfar da abin da ya rage yana yawo, a ƙara jira minti biyar ko fiye don lallausan gari ya kwanta da kansa, sannan a sauke rariyar iya saman ruwan kawai, a tsiyaye ta cikinta ba tare da an tayar da guggubin ƙasa ba. Kofin yana fitowa garau fiye da na hanyar farko. Wannan hanya ta fi jin daɗi a buta mai riƙe zafi, domin jiran kusan minti goma a butar gilashi yakan sa kofin ya huce.

Amfanin riƙe zafi da illarsa

Ruwa yana fitar da sinadaran kofi ne bi da bi. Masu tsami da ƙamshi su ke fara fita, sai masu zaƙi-zaƙi, sannan masu ɗaci da bauri. Saurin fitarsu ya danganta da zafin ruwan. A butar gilashi mai ruɓi ɗaya zafi yana ta sauka tun daga lokacin da aka zuba ruwa, kuma idan ɗakin yana da sanyi ko butar ƙarama ce, yana iya sauka da wuri har kofin ya fito salam, da tsami. Buta mai ruɓi biyu tana hana wannan, kuma tana sa abin da aka haɗa yau ya yi kama da na jiya.

Illar tana zuwa ne bayan an danna. Rariyar ba ta raba guggubin da ruwan kwata-kwata, tura shi ƙasa kawai take yi, kuma ruwan yana ci gaba da ratsa shi. A butar gilashi kofin yana hucewa, jiƙuwar tana raguwa da kanta. A mai riƙe zafi kuwa ruwan yana nan da zafinsa, don haka kofi na biyu da aka tsiyaya bayan rabin awa yakan fi na farko ɗaci da bauri sosai. Masu talla suna yawan nanata awannin da butar ke riƙe zafi, amma wannan ba shi ne ma'aunin kofi mai daɗi ba. Wanda yake son ajiye kofi zuwa hantsi gara ya juye shi duka a filas da aka ɗumama, ya bar guggubin a buta. Wasu kamfanoni, irin su Espro na Kanada, sun ƙera rariya mai ruɓi biyu da zoben roba domin rage wannan haɗuwa bayan dannawa.

Bayan zafi, butar ƙarfe ba ta fashewa, abin da ya sa matafiya da masu aikin daji suka fi son ta. Ta fi ta gilashi nauyi da tsada, kuma ba a ganin abin da ke ciki, don haka sai an auna ruwa kafin a zuba.

Lafiya

Kofin da aka tace da rariyar ƙarfe yana ɗauke da man da ke cikin ƙwayar, wanda shi ke ba shi kauri a baki. A cikin man akwai sinadarai biyu, kafestol da kahawiyol. Wani bincike da aka buga a 1983 a kan mutanen garin Tromso na ƙasar Norwe ya nuna alaƙa tsakanin yawan shan kofi da hauhawar kolestarol a jini, kuma a shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka tabbatar cewa kafestol ne babban dalili. Takardar tacewa, wadda Melitta Bentz ta ƙirƙiro a Jamus a 1908, tana tare mafi yawan wannan mai, rariyar ƙarfe kuwa ba ta tare shi. Tafasasshen kofi irin na Turkiyya da na Larabawa shi ma yana ɗauke da shi, kofin gari mai narkewa kuma kusan babu. Mai yawan kolestarol da ke shan kofuna da yawa a rana zai iya sake tace kofin da takarda bayan ya tsiyaye shi.

Game da sinadarin kafin, wanda shi ne ke hana barci kuma shi ne dai ke cikin goro da ganyen shayi, Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Nau'in robusta yana da kafin kusan ninki biyu na arabika. Mai cin goro ya kamata ya lissafa da shi.

A ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ƙasar shayi ce fiye da kofi. A garuruwan yammacin Jihar Kano irin su Ƙaraye da Rogo, har zuwa ƙauyuka kamar Kwanyawa, teburin mai shayi shi ne wurin karin kumallo da hirar dare, kuma kofin da ke kansa na gwangwani ne ko na ƙaramar leda, wanda ke narkewa a ruwa. Sunan Nescafé, wanda kamfanin Nestlé ya fara sayarwa a Suwizalan a 1938, ya zama sunan kowane kofi irin wannan a bakin mutane, kamar yadda omo ya zama sunan kowane garin sabulu. Wannan kofi an riga an dafa shi a masana'anta an busar da ruwan, don haka ba shi da guggubin da za a tace, kuma sa shi a buta mai matsi ba ya ƙara masa komai. Butar tana aiki ne da soyayyar ƙwayar kofi da aka ɓarza kawai. Gahawar Larabawa kuwa, wadda ake sha a ƙananan kofuna da dabino, mahajjata da masu zuwa Umara ne suka fi saninta, kuma ita tafasawa ake yi.

Itacen kofi ba ya yi a Kano, domin yana son ruwan sama mai yawa da inuwa, ba ya jure dogon rani. A Najeriya ana noman arabika a tsaunin Mambila da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, robusta kuma a jihohin kudu da na tsakiya irin su Ondo da Kuros Riba da Kogi. Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya, wadda aka kafa a Ibadan a 1964, ita ke da alhakin bincike a kan kofi tare da koko da goro da kashu da ganyen shayi, kuma tana da reshe a Kusuku a kan Mambila. Noman Najeriya kaɗan ne idan aka kwatanta da na Habasha da Yuganda, waɗanda ke kan gaba a Afirka, balle Barazil da Biyetnam da ke kan gaba a duniya. Ƙwayar kofi da butar kanta an fi samun su a manyan kantunan Kano da Abuja da Legas, ko ta hanyar saye a intanet.

Duk da haka butar ta dace da yanayin yankin ta fuskoki biyu. Ruwan da aka tafasa a kan gawayi ko risho ya ishe ta, ba ruwanta da ɗauke wuta. Sannan a lokacin hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, sanyin asuba a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma a irin wannan safiya ne bambancin butar gilashi da mai ruɓi biyu ya fi fitowa. Ana kuma iya jiƙa ganyen shayi, ko zoɓo, ko citta da kanumfari a cikinta, sai dai man kofi yana kama rariya, don haka wanda ke haɗa duka biyun gara ya ware wa kowanne tasa rariyar.

Wankewa

Bayan an gama ana kwashe guggubin da cokalin katako ko na roba, domin na ƙarfe yana iya tsaga gilashi. Ba a zuba shi a magudanar ruwa saboda yana toshe ta, amma yana da amfani a cikin takin gargajiya. Ana warware faifan uku daga sandar lokaci zuwa lokaci a wanke su da sabulu, domin man da ya maƙale a tsakaninsu yana yin wari idan ya daɗe, ya ɓata ɗanɗanon kofi na gaba. Idan bakin rariyar ya lanƙwashe ko ya fara zarewa, ana sayar da ita daban gwargwadon faɗin butar. Butar ƙarfe mai ruɓi biyu ba a ɗora ta a kan wuta don ɗumama kofin da ya huce, domin zafin ba ya ratsawa ciki yadda ya kamata, kuma yana iya lalata haɗin da ke tsakanin ruɓin biyu.